Sanyi Cikin Bazara

Ku matso, ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai wagga ba tatsuniya ba ce, a gidana aka yi ta, a gaban idona. Wanda abin ya sama ya yarda in faɗa, da sharaɗin kada in kama suna. Sharaɗin bai yi mini nauyi ba, domin ko da ma bakina bai taɓa kama sunan nasa ba. Sunan marigayi mijina aka sa masa. Tun ranar da aka yanka ragonsa nake ce masa Maigida, shi kuwa da ya yi baki sai ya riƙa ce mini Amarya.

Ni 'yar Badagishiri ce, can cikin kwarin da ake noman rani. Aure ya kawo ni Malbaza tun garin bai cika ba. Ɗa ɗaya Allah ya ba ni, ban yi na biyu ba, kuma ku riƙe wannan a ranku, za mu komo gare shi. Ɗan nawa ya girma ya shiga aikin izin siminti, masana'antar nan ta garin, mutum ne mai ƙarancin magana, in ya shigo gida ko kaji sai su rage kuka. Ya haifi 'yan mata reras, namiji kuwa ɗaya tak, shi ne Maigida.

Maigida ya yi lakwal, makarantar boko, har ya shiga kwalej, daga nan ya ce kansa ya cika. Uban ya yi faɗa, ya gaji, ya haɗa shi da wani direban babbar motar siminti, ya zama aparanti, wato yaron mota. A lokacin gemu bai fito masa ba, sai ɗan gashin baki da yake shafawa kamar wani abin kirki. Su tafi Tawa, su tafi Maraɗi, wani lokaci har Yamai. In ya dawo, ɗakina yake fara faɗawa, fari fat da ƙurar siminti har cikin gashin ido, ya jefo mini goro a cinya ya ce ina abincinsa, in babu yau zai sake ni. Ni kuwa in ce ya sake ni mana, in ga macen da za ta kwashi mutum mai kama da fatalwa. Ya cinye mini tuwo, ya suɗe kwano, ya ce miyar ba gishiri. Haka muke. Abin da ba zai iya faɗa a gaban uwa da uba ba saboda kunya, a gabana sai ya zube shi kamar gero a tabarma.

Wata bazara, irin wadda ƙadangare ke ɗaga ƙafa in ya taka ƙasa, ya dawo daga tafiya bai jefo goro ba. Ya zauna bakin turmi, a ɗosane, kamar baƙon da ya zo roƙon iri. Na ce ko yau an sake ni ne ban sani ba. Bai yi dariya ba. Yana kallon ƙasa ya ce, “Amarya, sanyi ke damuna.”

Na dube shi, na dubi rana. Na ce a raina, ai dole: mutum ya kwana bisa buhuna iska na dukansa, gari ya waye ya bi da ruwan ƙanƙara na leda. Nan take na tashi na ɗora tukunya. Citta, kanumfari, masoro, kimba, har da ɗan barkono, na tafasa su sai da idona ya yi ruwa. Na ba shi ya sha. Na hana shi ruwan tulu, na ce sai mai ɗumi. Na ciro bargon da nake ɓoyo na lulluɓa masa, cikin zafin nan. Yaron nan ya zauna cikin bargo gumi na bin wuyansa, yana kurɓar yaji. Kwana da kwanaki muna haka. Ƙannensa mata suna leƙowa suna dariya, suna cewa Kaka za ta dafa mijinta.

Ku da kuke saurare, kun san kalmar nan sanyi a bakinmu buhu ce mai faɗin baki, kowa na zuba abin da ya ga dama a ciki. Akwai sanyin ƙashi, wanda ke cin gwiwoyina. Akwai sanyin ƙirji, na tari da majina. Akwai sanyin mata, wanda ake raɗawa a bakin rijiya. Akwai kuma wancan, wanda namiji ke ɗaukowa wurin mace ko mace wurin namiji. Duk suna ɗaya ake kiransu. Yaron ya faɗi gaskiyarsa da iyakar kalmar da kunya ta bar masa, kunnena ne ya ɗauki wani sanyin daban.

Abin da ya buɗe mini ido wanki ne. Maigida, wanda ko hularsa bai taɓa wankewa ba, na gan shi da hantsi bayan rumbu yana cuɗa wando shi kaɗai, ya kuma shanya shi inda ba mai gani. Na sa ido. Sai na lura in ya shiga bayan gida da buta yakan daɗe, in ya fito sai ya dafa bango, fuska a yamutse, ya tako a hankali yana buɗe ƙafa. Da na ɗaga bargon zan kaɗe, ga wani ƙullin leda, ƙwayoyin nan masu kai ja gindi ɗorawa da masu talla ke yawo da su bisa faranti a tasha.

Wannan tafiyar na san ta. Na taɓa ganinta a tsakar gida, shekaru da yawa, a ƙafar mai sunan.

Ina goyon ɗana mijina ya tafi cin rani kudu. Da ya dawo, haka ya riƙa fitowa daga bayan gida yana dafa bango. Ya sha saiwoyi, ya sha jiƙo, abin ya lafa masa, muka ce an rabu. Ni a lokacin lafiyata lau, ko ciwon kai babu. Sai can daga baya mara ta fara murɗa mini, ta zo ta tafi. Tsofaffi suka ce sanyi ne, na zaman garka, wato lambu, bisa ƙasa mai laima da wanka da ruwan rijiya. Aka gasa mini dutse, aka yi mini turare, na sha ɗaci iri-iri. Ciwon ya kwanta. Ciki kuma bai sake zuwa ba. Na yaye ɗana ina jiran ƙani, na kai shi kaciya ina jira, har na yi masa aure. Sai da furfura ta rufe mini kai wata ungozoma ta likita, muna hira na ba ta labarin, ta ce mini ga alama ciwon da mijina ya zo da shi ne ya haura ya toshe hanyar haihuwa, kuma da an yi mana magani mu biyu tun farko, da wataƙila ba haka ba. Ban riƙe marigayi a zuciya ba. Bai sani ba, ni ma ban sani ba, kuma mutum ne da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma na san abin da sanyin nan ke ci. Ba fitsari kaɗai yake ƙonawa ba, zuriya yake ci, a hankali, ba da hayaniya ba.

To ga ɗan ɗana, shi kaɗai namiji, yana dafa bango.

Na jira ranar da uban ke wurin aiki, uwar ta tafi barkar haihuwa da 'yan matan. Na kira shi ya taya ni tsinkar zogale. Muka zauna tabarma ɗaya, tire a tsakani. Ban dube shi ba, ganyen nake kallo.

Na ce, “Maigida, sanyin nan naka, na sama ne ko na ƙasa?”

Hannunsa ya tsaya. Ya ajiye reshen a tire. Sannan ya ce, “Na ƙasa.”

“Shi ne ka bar ni ina ƙona maka hanji da barkono?”

Ya yi wata 'yar dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Na bar shi ya yi. Da ya share ido ya ce a bayan gidan tasha ya taka shi, haka manyan aparanti suka faɗa masa, in ka yi fitsari inda mai ciwon ya yi sai ya hau ka. Su ne suka nuna masa ƙwayoyin, suka ce ya fasa su cikin madara ya shanye. Ya sha, abin ya yi sauƙi, ya bari, sai ya dawo fiye da da. Ban yi masa gardamar bayan gida ba, na ce wannan likita zai raba mu. Ya kama ƙafata ya ce don Allah kada babansa ya ji, in ya ji gara ya shiga mota ya tafi kada ya sake dawowa. Na san uban, na kuma san ɗan. Zai aikata.

Likitar Malbaza, asibitin garinmu, ba ta da laifin komai, sai dai duk wanda ke zaune kan bencinta ya san gidanmu. Sai na tuna da gwiwoyina. Da maraice ɗana ya shigo gaishe ni, na ce masa sanyi ya matsa a ɗakin nan, ina so Maigida ya ɗauke ni bisa babur ya kai ni likitar Ƙonni. Ya ce ga likita nan kusa. Na ce ta Ƙonni nake so, in ga 'yar ƙanwata daga nan. Ya ce to. Ku shaida, ban yi wa ɗana ƙarya ba. Sanyi na ce, kuma sanyi ne.

Da safe muka hau. Yana tuƙi yana cije leɓe duk ramin da muka faɗa, ni ina bayansa na riƙe rigarsa, manyan motoci na wuce mu suna watso mana iska. Na ce masa rabon da in rungumi miji a bainar jama'a tun ba a haifi ubansa ba. Ya ce in yi shiru kada ya zubar da ni a kwalta.

A Ƙonni muka tarar da layi, yawanci mata da goyo. Yaron ya ga idanu sun yi yawa, ya ce bari ya je ya duba babur. Na damƙe bakin rigarsa, na ce babur ba ya ciwo. Da aka kira mu muka shiga tare. Majo ne a ciki, babban ma'aikacin wurin, wani Bazabarme mai furfura a gemu, Hausarsa tana ɗingishi. Ya tambaya wa ba lafiya. Na ce mijina. Ya dubi yaron, ya dube ni, ya gane wasan, ya yi murmushi ya ce to amarya ta fara faɗin nata. Na nuna masa gwiwoyi, don kada zuwan nawa ya zama na banza, ya latsa, ya rubuta mini abin shafawa. Sannan na ce saura sanyin maigidan, shi na ƙasa ne, na fita na ja musu ƙofa.

Sun daɗe. Na zauna ina jan carbi, wata mai goyo tana ba ni labarin haƙoran ɗanta, ban ji ko rabi ba. Aka fito da shi aka kai shi wani ɗaki aka ɗebi jini, aka komo. Can majo ya leƙo ya ce yaron ya yarda in shigo in ji.

Ya yi mini bayani a hankali, yana neman kalmomi. Ya ce ciwon sanyi ne na saduwa, ba a taka shi a bayan gida, ba a shan shi a ruwan ƙanƙara. Ya ce an yi masa allura, ga kuma ƙwayoyi, sai ya shanye su duka ko da ya ji ya warke, domin shan rabi a bari shi ke sa ciwon ya yi taurin kai. Ya ce an duba jininsa saboda sida, wato ƙanjamau, da tunjere da ciwon hanta, waɗanda ke bin hanya ɗaya, ba a ga komai ba, amma ya dawo bayan 'yan watanni a sake dubawa. Ya ce ya faɗa wa yaron abin da ya fi, wato ya kama kansa, ya kuma nuna masa kwaroron roba, domin shi aikinsa ya ga mutum da rai da lafiya. Ni na sunkuyar da kai a nan, yaron kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai majo ya ɗaga yatsa biyu. Ya ce, “Kaka, ciwo wanga mutum biyu ne. Ɗaya ya zo. Ina ɗaya?”

Ya ce a jikin mace sau da yawa ba ya nuna kansa, tana yawo lafiya lau, shi kuwa yana ciki yana aiki, har ya toshe hanyar haihuwa. Na ce masa na sani. Ya dube ni, bai tambaye ni yadda aka yi na sani ba.

A hanyar komawa, wajen Tsarnawa, na ce ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi in miƙe ƙafa. A nan ya faɗa mini sauran, yana kallon tayar babur. A wata tasha mai nisa manyan suka ja shi wani gida, suna masa dariya wai har yanzu yaro ne. Can ya ɗauko. Amma bayan ya dawo, kafin ciwon ya bayyana, akwai yarinyar da ke tuyar awara a bakin tashar Malbaza. Ita yake so, ita yake nufin aure in ya zama direba. Na san ta. Doguwa, mai wushirya, takan ƙara mini yaji ba tare da na roƙa ba.

Na ce masa abin da suka yi tsakaninsu da Allah ne, ya nemi gafara, ba ni zan yi masa hisabi ba. Amma sunan kakansa da ya ɗauka ya ishe shi, ba zai ɗauki har da wannan ba. Sai na ba shi labarin da ban taɓa ba ɗana ba, dalilin da ya sa ubansa ba shi da wa ba shi da ƙani. Ya saurara baki buɗe. Na ce shi zai je ya faɗa mata da bakinsa.

Ya je. Ya dawo riga sharkaf, ta watsa masa ruwan tsamin awara. Ta ce lafiyarta lau, sharri yake mata, kuma in ya sake tsayawa gaban kaskonta da mai za ta bi. Ya ce mini ya yi iyakar yinsa. Shi kam yana shan ƙwayoyinsa a gabana kowace safiya, tafiyarsa ta fara daidaita, har ya fara cewa miya ba gishiri. Ni ce abinci ya ƙi shiga. In na rufe ido sai in ga yarinyar nan ta yi aure, shekara ta zagayo, wata ta zagayo, dangin miji sun fara kallon cikinta, ita kuwa ba ta san abin da ya same ta ba.

Ranar nan na ɗauki sandata na nufi tasha, da hantsi, lokacin da motoci sun tashi ciniki ya yi sanyi. Da ta hango ni fuskarta ta canza. Ta gaishe ni a gajarce. Na ce ta zuba mini mai laushi, wadda dasashi zai iya. Na zauna kan bencinta na ci a hankali. Ban ambaci jikana ba. Na ce mata zan ba ta labarin wata yarinya 'yar Badagishiri, na ba ta shi tun daga cin rani har zuwa dutsen da ake gasawa. Tana juya awara a mai, ta ba ni baya, amma na ga matsamin ya daina motsi.

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Kaka, ni ba na jin komai. Wallahi ba na jin komai.”

Na ce, “Ni ma haka na ce, ɗiyata. Ga ni nan da ɗa ɗaya.”

Wata awara ta ƙone a kaskon, ta tsame ta ta ajiye gefe. Sannan ta faɗi abin da ke cin ta. Budurwa ta shiga ɗakin ungozoma, kafin ta fito an ce ciki gare ta, kafin ta kai gida uwarta ta ji. Ta ce gara ciwon da wannan. Na ce mata ba ita za ta je likita ba, ni zan je, ita rakiya za ta yi. Ta koma kan kaskonta.

Daga nan na wuce gidansu. Uwar tana tankaɗe, ta shimfiɗa mini tabarma. Bayan gaisuwa na ce aron ɗiya na zo, jikana zai koma bakin mota, ga sanyi bai bar ni ba, ina son mai riƙe mini hannu zuwa Ƙonni gobe. Ta ce ai ba kwanan nan aka kai ni ba? Na ce an kai ni, saura rabi. Ta yi mini sannu, ta ce ɗiya ai tawa ce, har ta ba ni shawarar man shanu da tafarnuwa.

Washegari na tsaya bakin kwalta inda ƙananan motocin Ƙonni ke lodi. Mota ta cika ta tashi, ban shiga ba. Wata ta fara lodi, yaron motar yana ta ce mini tsohuwa ki shiga ko ki ba mutane hanya. Rana ta fara cizo. Na fara tunanin abin da zan yi in ba ta zo ba, ban samo komai ba. Sai ga ta, cikin dogon hijabi, ido a kumbure. Ba ta gaishe ni ba. Ta karɓi sandata, ta kama hannuna, ta taimake ni na hau.

Ungozomar da muka samu 'yar Ƙonni ce, mace mai saurin hannu da saurin baki. Na ce mata jikata ce, sanyi muke zargi. Ba ta ɗaga gira ba. Ta ce wa yarinyar ta saki jikinta, sanyin mata iri-iri ne, wani ko namiji bai taɓa kusantar mace ba yana kama ta, wani kuma na saduwa ne, kuma kowanne da maganinsa, abin da ba ta so shi ne a zauna da shi a gida ana turare. Ta ce abin da aka faɗa a ɗakin nan a ɗakin yake kwana. Na fita. Da suka gama, yarinyar da kanta ta kira ni. An ga alamar ciwon, bai yi nisa ba. An yi mata allura, an ba ta ƙwayoyi, jininta lafiya. Na tambayi abin da ya kawo ni, na ce haihuwa fa. Ungozoma ta ce haihuwa ta Allah ce, amma sun zo da wuri, ba ta ga abin tsoro ba.

Ƙwayoyin a ɗakina suka zauna, don kada a gani a gidansu. Kullum takan biyo da sunan kawo mini awara, ta sha, ta wuce. Ta zaɓi lokacin da ta san Maigida ba ya nan. Ranar da ta shanye na ƙarshe ta zauna ta shafa mini magani a gwiwa, ta ce ita fa ba za ta sake yi masa magana ba har abada. Na ce wannan nata ne, ba zan sa baki ba.

To, ga yadda kowa ya ƙare.

Majo, an ɗauke shi zuwa wani gari, ban sake ganinsa ba. Ina sa shi a addu'a. Ungozoma tana nan, an ce har yanzu bakinta bai rage sauri ba.

Ɗana bai taɓa tambayata komai ba. Sai wata rana bayan damina ta sauka, ya shigo gaishe ni, ya tsuguna bakin ƙofa kamar kullum. Ya ce, “Inna, sanyin nan, ya bar gidan?” Bai ce ƙafar ba, gidan ya ce. Na ce ya bari. Ya ce alhamdu lillahi, ya tashi ya fita. Yanzu ya bar aikin izin, yana kiwon tumaki, maganarsa ba ta ƙaru ba.

Maigida ya koma aka sake duba jininsa, lafiya lau. Ya yi ta aike wurin yarinyar, ba ta amsa ba, ya yi rama, ya haƙura. Ya zama direba. An ce mini in ya ɗauki sabon aparanti, kafin ya koya masa ɗaure tantin rufe kaya sai ya zaunar da shi ya yi masa wata magana da ke sa yaro sunkuyar da kai, kuma ba mai hawa motarsa da ƙwayoyin faranti. Ya auri wata 'yar Alela, sai da suka je likita su biyu kafin a ɗaura. Ɗansu na fari yana nan yana jan sandata yana gudu da ita. Har gobe in Maigida ya dawo daga tafiya ɗakina yake fara shiga, har gobe yana barazanar sakina.

Ita kuwa ta riƙe maganarta, ba ta sake ce masa ko sannu ba. Ta auri wani mai garkar albasa, kuma ku ji ikon Allah, a Badagishiri, garinmu. Shekara ta zagayo ban ji komai ba, na shiga lissafi a zuci ina hana kaina. Wata shekarar ta kama. Sai wata ranar kasuwa na ji sallama, ga ta tsaye da ƙullin albasa a ka da goyo a baya. Ta kwance ta ɗora mini a cinya, ɗiya mace, mai nauyi, mai ƙamshin nono. Ta ce sunana aka sa mata, dangin mijin suna ta tambayar wace ce. Ta ce musu wata tsohuwa ce da ta taɓa rakawa likita. Yanzu ɗiyar tana da ƙanne.

Saura ni. Cikin sanyin da aka kai Ƙonni a bazarar nan, nawa ne kaɗai bai warke ba. Gwiwoyin suna nan yadda suke, in hadari ya haɗu su ke fara sanar da ni. Na kai ƙarshenta, ga kunnuwanku na mayar muku. Wani ya miƙo mini sandata.